ZAUREN ANTI: Auta, Kafet da Injinan Gwaggo Tara

Na ga wasiƙunku, Allah ya bar zumunci. Masu tambaya a kan lalle da gyaran gashi ku yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba, domin yau akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun watan jiya, in ban amayar da ita ba ba zan sami sukuni ba. Maganar kayan ɗaki ce, kuma a gidanmu ta faru, ba ji na yi a bakin wani ba.

Ina zaune da hantsi sai ga wayar Yayata, muryarta kamar wadda ta sha kuka. 'Yarta ta ƙarshe, wadda muke kira Auta, an sa mata rana. Angon ɗan Tsafe ne, malamin makaranta, yaro mai hankali da rufin asiri. Kowa na murna, ashe da sauran rina a kaba. Auta ta je bikin wata ƙawarta a Bunguɗu, ta ga an shimfiɗa wa amarya kafet tun daga bakin ƙofa har ƙuryar ɗaki, bango da bango, ga kuma wani injin shara mai tanki an girke shi a gefen kabad, wai har wanke kafet yake yi. Tun da ta dawo ta kafa ƙahon zuƙa, ita ma sai an yi mata irinsa, in ba haka ba ƙawaye za su mai da ita abin dariya ranar jere. Kwana uku ba ta ci abincin kirki ba.

Mahaifinta ɗan fansho ne. Ya riga ya yi gado da katifa da kujeru da kayan kicin, aljihu ya yi fayau. Abin da ya rage masa a duniya shi ne 'yar gonar da ya gada, wadda ake ɗan samun gero da wake a cikinta, a wannan zamani da noman kansa ya koma sai da addu'a. To wai ita ce ya fara neman mai saye a ɓoye, don kada Auta ta ji kunya a gaban ƙawaye. Wannan shi ne abin da ya sa Yaya kuka.

Na ce, "Yaya, ki share hawayenki, ki bar ni da ita."

Ban yi mata faɗa ba, don na san yarinyar da biki ya cika wa kai, faɗa ta kunnen dama yake shiga ya fita ta hagu. Sai na ce ta shirya ta raka ni Sabon Gari mu gai da Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu. Muka tari Keke Napep, tana ta kumbure-kumbure har muka isa.

Bari in ɗan gaya muku wace ce Gwaggo. Marigayi mijinta mai gyaran kayan lantarki ne a nan Sabon Garin Gusau, rediyo, fanka, dutsen guga, babu wanda bai san cikinsa ba. Kun san Gusau garin ciniki ne tun da layin dogo ya taso daga Zariya ya ratsa ta cikinsa ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Gyaɗa da auduga suka jawo kamfanoni, kamfanoni suka jawo Turawa da Kwara da sauran baƙi, su kuwa gidajensu da kafet, don haka suna da injin shara. In ya lalace sai a kawo wa Malam, in mai shi zai koma ƙasarsu sai ya sayar da arha ko ya bar masa kyauta. Da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba 1996, ma'aikata suka dawo daga Sakkwato, aka buɗe sababbin ofisoshi da gidaje, kafet ya zama abin yayi, ga kayan gwanjo na shigowa daga Kwatano. Injinan suka ƙara yawa a shagon Malam. Da Allah ya yi masa rasuwa, 'ya'ya suka ce a kira 'yan gwangwan su auna su a kilo. Gwaggo ta ce sai dai bayan ranta.

Muna yin sallama ta dubi Auta ta ce, "A'a, kishiya, ke ce? Wanga miji da kike rawar kai a kanshi ai ni ya fara gani." Auta ta ɗan murmusa. Bayan mun sha fura na ce, "Gwaggo, jikarki injin shara take so a sa mata a kayan ɗaki, mai wanke kafet." Gwaggo ba ta ce komai ba, ta kwance mabuɗi daga bakin zaninta ta ce mu biyo ta.

'Yan uwa, kun san yadda iyayenmu suke jera kwalla da samira da tangaram a kabad, kowanne na ƙyalli? To haka Gwaggo ta jera injinan shara guda tara a wani ɗan ɗaki, kowanne an lulluɓe shi da tsohon zani. Ta shiga yaye su ɗaya bayan ɗaya tana kiran sunansu kamar 'ya'yanta. Ga Hoover Junior ƙirar Ingila, dogo mai jakar yadi a bayansa, shi ne na farko da Malam ya kawo mata. Ga wani Hoover ɗin mai suna Constellation, kewayayye kamar an kifa ƙwarya a kan ƙwarya, ba shi da taya, iskar da yake fitarwa ta ƙasa ita ke ɗaga shi yana bin mutum. Ga Electrolux guda biyu masu kama da ganga a kwance. Ga National, sunan da kamfanin Panasonic na Japan ya daina amfani da shi tun 2008. Ga Vax mai ruwan goro kamar bokiti. Ga Kirby guda biyu na Amurka, jikinsu ƙarfe ne zalla, da ƙyar mace ɗaya ke ɗaga ɗaya. Can a lungu kuma ga wani ɗan ƙarami mai sanda, Bissell, wanda ko waya ba shi da ita.

Amma abin da Gwaggo ta fi ji da shi yana cikin wata tsohuwar adaka: kayan haɗi. Buroshi iri-iri, mesa, baki mai faɗi na kafet, baki mai tsini na lungun kujera, bel na roba da ta shafa wa hoda don kada su tsattsage, da kuma kayan wanke kafet. Ta ɗauko na Kirby ta nuna mana. Wani ɗan tanki ne da tire mai buroshi a ciki. Ana cire bakin injin na gaba a maƙala tiren, a zuba ruwa da sabulun kafet a tankin, iskar injin ta kaɗa shi ya zama kumfa, buroshin ya riƙa cusa kumfar cikin gashin kafet. Sai a bari ya bushe, a mayar da bakin shara, a zuƙe dattin da kumfar ta tayar. Shi kuwa Vax dabararsa daban ce: yana fesa ruwan sabulu ta wata siririyar mesa, nan take kuma ya zuƙe shi ya tara a bokitinsa, baƙi ƙirin kamar ruwan kwata. Gwaggo ta ce inji ba shi da wuyar samu, waɗannan ƙananan kayan su ne zinariya, don su ake fara zubarwa. Akwai tankin da ta yi shekara huɗu tana cigiyarsa a wajen masu gwanjo kafin ta same shi.

Auta ido ya raina fata. Ta nuna Kirby ta ce, "Gwaggo, irin wannan ne na ƙawata, wallahi irinsa ne!"

Gwaggo ta ce, "Zauna ki ji labarin wanga da kika nuna. Na wata amarya ne. Shanu biyu ubanta ya sayar anka haɗa mata kafet da shi. Ta tare da sati guda ta jona shi a bango, ya yi ƙara sau ɗaya, hayaƙi ya tashi, shi ke nan."

Dalili kuwa, wutar Amurka bolt 120 ce, tamu ta Nijeriya 230, kusan ninki biyu. Kayan gwanjon da aka yi don Amurka in ba a haɗa su da taransifoma mai rage wuta ba, ƙonewa suke yi. Ba wanda ya gaya wa amaryar, shi ma mai sayarwar bai ce uffan ba. Gwaggo ta ce Malam ya sha wahala kafin ya sake naɗa wayar injin, amma mai shi ba ta dawo ta karɓa ba, don kuɗin gyara da na taransifoma sun fi ƙarfinta. Kafet ɗin kuwa da tsintsiya ta ci gaba da share shi har ya mutu.

Sannan ta dafa Vax ta ce, "Wagga kuwa ita ta riƙe ni. Da Malam ya rasu ya bar ni da ɗiya biyar, da ita na biya kuɗin jarabawarsu." Ashe duk gabatowar Sallah Gwaggo takan ɗauki injin da wani almajirinta, ta shiga gidajen matan kulle inda namiji ba ya shiga, ta wanke musu kafet a biya ta. Daga Sabon Gari har Tudun Wada an san ta. A nan ne ta ga abin da ba ta mantawa. Wata yarinya mai jego ta ga kafet ɗinta ya yi dauɗa, ta kwaɓa garin sabulu a bokiti ta sheƙa masa, a tsakiyar watan Agusta, ana ruwa kullum. Kafet ɗin an manne shi da ƙasa, ba ya ɗaguwa. Kwana biyar bai bushe ba, ɗaki ya ɗauki wari, jariri ya kama tari sai da aka kwana da shi asibiti, miji kuma ya ƙaurace wa ɗakin. Da aka kira Gwaggo ta ɗaga gefe ɗaya, ƙasan duk fumfuna ce. Ta ce musu wannan ya wuce wanki, sai dai reza. Yanka shi aka yi gunduwa-gunduwa aka zubar.

Ku 'yan makaranta, bari in tsaya nan in ba ku ɗan tarihi, don da na koma gida sai da na bi diddigin waɗannan sunaye. A 1876 wani mai shagon tangaram a garin Grand Rapids na Amurka, Melville Bissell, ya yi rajistar abin share kafet na turawa da hannu, saboda ƙurar da ke damun su shi da matarsa Anna a shago. Da ya rasu a 1889, Anna ce ta riƙe kamfanin ta bunƙasa shi. A 1901 wani injiniya a Ingila, Hubert Cecil Booth, ya ƙera injin zuƙar ƙura, amma don girmansa doki ke jan sa, a tsayar da shi a titi a zura mesa ta taga. Wanda ya kawo ƙaramin da mace za ta iya turawa a ɗaki kuwa mai shara ne a wani kanti a garin Canton na jihar Ohayo, sunansa James Murray Spangler. Yana da ciwon asma, ƙurar shara na tayar masa da ita, sai ya haɗa injin fanka da akwati da sandar tsintsiya da rigar matashin kai. Ya sami rajista a 1908, ya sayar wa William Hoover, mijin 'yar uwarsa Susan, wadda ita ta fara gwada injin a gidanta ta yaba. Daga nan sunan Hoover ya bazu, har a Ingila ya zama sunan kowane injin shara. Shi kuwa Vax mai wanki, Alan Brazier ne ya fito da shi a Ingila a ƙarshen shekarun 1970.

Kuma kada ku ce Gwaggo ce kaɗai mai wannan tarin. A Ingila akwai wani mai suna James Brown da littafin Guinness ya rubuta sunansa saboda ya tara injin shara iri 322, har ya buɗe musu gidan kallo. Abin da na lura da shi a tarihin nan shi ne, su Bissell da Spangler mutane ne da shara ta dame su, suka nemi sauƙin aikinsu. Kayan aiki suka ƙera. Mu ne muka ɗauke shi muka girke a gefen kabad don 'yan ganin ɗaki.

Mu koma ɗakin Gwaggo. Ta jawo Hoover Junior ta ce, "Kishiya, tunda kina so, taho ki gwada." Ta sa Auta ta kwance jakar ta kai bayan gida ta zazzage. Ƙura ta turnuƙe ta, ta dawo tana atishawa, gyalenta ya yi fari. Ta sa ta kifa injin, ta ba ta tsohuwar reza ta ce ta yanke gashi da zaren da suka nannaɗe buroshin. Ta sa ta cire bel ta mayar, sai da ta yi sau huɗu kafin ya zauna. Gwaggo ta yi mata bayani cewa cikin injin fanka ce kawai ke juyawa da ƙarfi tana jawo iska, iskar ta kwaso ƙura, jaka ta tace. In jaka ta cika iska ba ta wucewa, injin ya yi zafi ya ƙone. Don haka wannan aikin da ta yi, na kowane mako ne.

Daga nan ta yi mata tambaya uku. "Gidan da za a kai ki a Tsafe, awa nawa ake samun wuta a yini? In bel ya tsinke ko sabulun ya ƙare, ina za ki samo wani? In za ki wanke kafet bango da bango, wa zai fitar miki da gado da kujeru, ina kuma za ku kwana kafin ya bushe?"

Auta ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin gyale. Ta ce a hankali, "Ai yana da janareta." Gwaggo ta ce, "Wane iri?" Ta ce ɗan ƙaramin nan. Gwaggo ta yi dariya har da tafi. Ƙaramin janaretan nan bai kai wat 1000 ba, alhali da yawa daga cikin injinan gwanjo suna cin wat 1400 zuwa 2000. Ko a Turai sai a 2017 aka fara aiki da dokar cewa sabon injin shara na gida kada ya wuce wat 900. Abin mamaki, tsohon Hoover Junior ɗin Gwaggo bai kai wat 400 ba.

A hanyar dawowa Auta ba ta ce mini ko kanzil ba, ni ma na kama bakina. Na ma ɗauka tafiyar ta tashi a banza. Sai bayan kwana biyu Yaya ta kira ni, ta ce Auta ta sami babanta bayan sallar isha'i, ta durƙusa ta ce don Allah kada ya sayar da gonar, a sa mata leda mai kyau da ƙaramin kafet na tsakar ɗaki wanda za ta iya naɗewa ta fitar ta kakkaɓe. Yaya ta ce bawan Allah nan sai da ya share ƙwalla.

Ba zan ɓoye muku ba, ranar jere sai da aka yi maganar. Wata daga cikin dangin ango ta leƙa ta ce, "Au, ɗakin ba kafet har bango?" Auta ta ji, kuma ta yi kuka a cikin mayafi. Maganar mutane tana da zafi, wanda ya ce ba ta da shi ƙarya yake yi. Amma kafin la'asar an shiga hidimar abinci an manta, gonar kuwa tana nan, bana ma an shuka ta. Gwaggo ta zo da gudummawarta a naɗe cikin zani, ɗan Bissell ɗin nan mara waya, wanda turawa kawai ake yi buroshinsa ya kwashe datti. Ta ce, "Aro na ba ki, kishiya. Ranar da na zo na iske gashi a buroshinshi, in ɗauke abina."

To ƙannena, ga abin da nake so ku riƙe. Na farko, kafin ki ce sai an saya miki abu, ki tambayi kanki ko kin san aikinsa, ko gidan da za ki yana da abin da zai ɗauke shi. Na biyu, in har Allah ya hore kuma za a sayi inji, musamman na gwanjo, a duba rubutun da ke jikinsa, a tabbata na wuta 220 zuwa 240 ne, a jona shi a gabanku, a kuma ƙirga kayan haɗinsa kafin a biya. Na uku, kada ki kuskura ki zuƙi ruwa da injin da aka yi don busasshiyar ƙura, zai ƙone, yana kuma iya jan ki. Na huɗu, wankin kafet na rani ne, da safe, tagogi a buɗe, ruwa kaɗan, kuma a share shi tas kafin a jiƙa shi. Na biyar, in ke ko maigida ko yaro akwai mai asma, ku haƙura da kafet bango da bango, domin ƙurar hunturu da wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani a cikinsa suke zama, tsintsiya kuwa sama-sama take ɗauka.

Ni ban ce kafet laifi ne ba, ban kuma ce kada amarya ta so ɗakinta ya yi kyau ba, wace macen ce ba ta so? Gwaggo ma ai son kaya ne ya sa ta tara tara. Sai dai ita ta san cikin kowanne, duk ƙarshen wata in an kawo wuta sai ta tayar da su ɗaya bayan ɗaya don kada su daskare, kuma babu wanda aka sayar da gona don a saya mata. Ke ma ki dubi mahaifinki da idon rahama. Sau da yawa ba zai ce miki babu ba, sai dai ya je ya ciwo bashin da zai yi shekaru yana biya, ke kina can ɗakinki ba ki sani ba.

Wadda duk take da wani tsohon kaya na Inna ko na Kaka da ake ji da shi a gidansu, keken ɗinki ne, tasa ce, ko fitilar ƙwai, ta rubuto mana labarinsa mu ji. Gwaggo kuma ta ce in yi mata cigiya, wai in akwai mai tsohon buroshin Electrolux da ba ta amfani da shi, kada ta ba 'yan gwangwan.

Allah ya ba 'yan matanmu mazaje nagari, ya sa albarka a ɗakunan amarenmu, ya saka wa iyayenmu da alheri, ya kuma zaunar mana da jiharmu lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Taku har kullum,
Anti